Kada ka mayar da na'urar tukuna

*Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Makka ne, a Shari' Mansur na tashi. Mahaifinmu ya rasu shekara uku ke nan, ya bar mana kaset-kaset na bidiyo guda 23: bukukuwan aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani, da wani guda ɗaya da aka zaunar da shi yana ba da labarin yadda suka taso daga ƙasar Kano ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Bayan rasuwarsa Hajiyarmu ta koma Kano wajen yayata. Ba ta iya wayar zamani ba, amma ta iya kunna DVD ɗinta, kuma kullum maganarta tana son ta sake ganin Baba.*

*'Yan'uwa suka haɗa riyal 900 suka ba ni. Na sayi na'ura mai haɗe da kaset da DVD a riyal 500 wajen ƙanin matata, mai sana'ar gwanjo a kasuwar haraj, na kuma sayi faifai ɗari marasa suna a riyal 50. Na kwafe kaset 14 a faifai bakwai, na zaɓi naɗin awa shida don tattali. A gidana duka sun yi. Na ba wani alhaji da ya zo Umra ya kai Kano. Can biyar suka ƙi buɗewa sam, biyu kuma suna yi amma suna maƙalewa wajen ƙarshe. Kafin labarin ya iso mini mun sauya gida, na ce wa matata waɗanda aka kwafe ba su da sauran amfani, ta zubar da kaset guda biyar, har da na labarin Baba. Yanzu na'urar ma cikin faifai uku sai ta tofo ɗaya. Yayanmu na Riyad ya rubuta a zauren iyali na WhatsApp cewa na ci kuɗin. Matata ba ta ko iya barci. Niyyata in mayar wa ƙaninta kayansa in karɓi kuɗina. Wace na'ura zan saya, kuma wane faifai ne ba ya cin amana?*

*Ɗan'uwanku a Makka*

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta namu zuwan, ya ƙara wa Hajiya lafiya da haƙuri.

Ɗan'uwa, kafin mu shiga maganar saye, ga abin da nake roƙonka da shi yau ɗin nan: kada na'urar nan ta bar gidanka. Kada ka mayar, kada ka sayar, kada ka ba mai gyara ya farke ta. Ka kuma kira yayarka ka ce ta tattara faya-fayan nan bakwai ta sa kowanne a gidansa, ta ɗora can saman durowa inda hannun yara ba ya kaiwa. Na san yadda ake yi da faifan da ya ƙi yi a gidajenmu: ko ya zama abin wasan yara, ko a rataye shi a jikin keke. A zatona mai ƙarfi labarin Baba yana nan lafiya a cikinsu, kuma makullinsa yana cikin na'urar da kake shirin rabuwa da ita cikin fushi.

Dalilina yana cikin wasiƙarka. Ka ce a gidanka duka sun yi. Na'urar naɗin DVD idan ta rubuta abu a faifai ba ta gama aikin nan take, tana barin faifan a buɗe ko za ka so ƙara wani abu gobe. Muddin yana buɗe, ita da ta rubuta shi ce kawai ke gane shi. Sai an shiga jerin umarninta an danna abin da aka rubuta Finalize, sannan take rubuta fihirisar da sauran na'urori ke dubawa, ta kulle faifan. Aikin 'yan mintoci ne, amma in ba a yi shi ba DVD ɗin Hajiya za ta yi ta juyi ta ce babu faifai, alhali yana cike da hotuna. Su kuwa biyun da suka buɗe, akwai na'urorin da ke kulle faifai da kansu idan ya cika maƙil. Ina kyautata zaton waɗannan biyun su ne suka cika, biyar ɗin kuma suka rage da ɗan fili.

Akwai gwajin da yayarka za ta iya yi ba tare da ta kunna komai ba. Ta juya faifan ta karkata shi wajen hasken taga. Bayan faifan DVD-R launin shunayya ne, kuma inda aka rubuta launinsa ya ɗan bambanta da inda ba a taɓa ba. Rubutu daga tsakiya yake farawa ya yi waje, don haka za ta ga kamar zobe: ciki launi ɗaya, can bakin gefe wani launin. In ta ga haka, naɗin yana nan. Ta ɗauki hoto ta turo maka, ka nuna wa matarka, wataƙila daren nan ta samu barci.

Daga nan sai faya-fayan su dawo Makka. Masu zuwa Umra ba sa yankewa, ka nemi wanda ka yarda da shi, ya sa su a jakar hannu, kada a danna su cikin kayan awo tsakanin daddawa da kilishi. In sun iso, ka fara da faifan da kaset-kaset ɗinsa suke nan a hannunka, wanda ko ya lalace ba a yi asara ba. Ka kulle shi, ka kai gidan maƙwabci ka gwada a wata DVD ɗin daban. Sai ka ga ya yi sannan ka taɓa na labarin Baba. Tunda ka ce na'urar ta fara gardama, in da hali ka fara kai wannan faifan wajen mai kwamfuta ya ciro abin da ke ciki tun kafin a kulle shi. Akwai manhaja mai suna IsoBuster da ke iya karanta faifan da ba a kulle ba, kuma karantawa ba ta taɓa komai a jikinsa. Ko a Kano ma, cikin masu kwamfuta na Beirut Road, yayarka na iya neman wanda ya san wannan aikin, da sharaɗi ɗaya: ya kwafa kawai, kada ya rubuta komai a kai. Kuma yayin kullewa kada wanda ya taɓa soket ko ya jijjiga teburin, don wuta ta yanke a tsakiyar wannan aikin ita ce ɓarnar gaske.

To, ƙanin matarka. Na karanta wasiƙar sau biyu ina neman laifinsa, abin da na samu bai kai yadda zuciyarka ke raya maka ba. Na'urarsa ta naɗi kaset 14 sun kuma fito a talabijin ɗinka. Rashin kullewa ba daga gare shi yake ba. Maƙalewar ƙarshen faifai kuwa sananniyar cutar faifai mai araha ce. Fuskar da ake rubutu a kanta wani rini ne da ake shimfiɗawa a masana'anta, faifai yana juyawa rinin yana bazuwa daga tsakiya zuwa gefe, kuma a aikin da ba a kula ba gefen ne ke fitowa ba daidai ba. Shi ya sa kallo ke tafiya lafiya lau har sai an zo inda ake addu'ar tashi, sannan hoto ya farfashe ya tsaya cak. Tofo faifai da take yi ma yana iya zama daga faya-fayan ne, ko ƙura ta hau robar da ke riƙe faifai, ko kuma idon na'urar ya fara gajiya da gaske. Ba za ka san wanne ne ba sai ka sayo faifai mai kyau kamar guda goma ka gwada. In ta karɓi goman nan ba musu, yaron nan ya fita. In ta ci gaba da tofowa, to akwai aibi, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya idan aibin da bai sani ba ya bayyana. Amma ko a nan sai ka bambanta wanda ya san aibi ya ɓoye, wanda hadisin algus ya hau kansa, da ɗan gwanjon da ya sayi kaya jumla daga gidan da ake tashi, ya jona wuta ya ga ta kama ya ce lafiya take. Mafi yawan 'yan haraj na biyun ne.

Ƙanin mata kuma abokin wasa ne, wannan rahama ce a gare ka. Ka kira shi cin abinci, ka ajiye na'urar a gabansa, ka ce masa cikin raha ya zo ya ga yadda amaryar da ya ba ka take tofar da tuwo. Ku gwada tare. Mutumin da yake kwana yana tashi cikin tsoffin kayan wuta ya fi ka sanin inda za a samo wata, ya kuma fi ka sanin mai gyaran kirki. Musanya da ɗan ciko ta fi maka amfani a kan riyal 500 da za su dawo aljihunka su bar matarka a tsakiyar miji da ƙani. In ya ƙi duk wata maslaha bayan aibi ya tabbata, sai a sa babba a gidansu ya yi magana, ba ita ba.

Ita kuwa matarka, umarninka ta bi. Kai ka ce ba su da amfani. Na san kai ma ka san haka, amma sani a zuci daban, faɗa da baki daban. Ka zaunar da ita ka ce mata, "Ni na ce ki zubar, ba ki yi laifin komai ba," kuma in maganar ta taso gaban 'yan'uwanka ka maimaita haka da muryar da kowa zai ji. Ka san yadda zance ke juyawa a dangi: in ka yi shiru, nan da shekara biyu labarin zai koma matar wane ce ta zubar da kaset ɗin Baba, kuma wannan tabo ba ya fita da wanki.

Yanzu ga tambayarka ta na'ura. Gaskiyar magana, kasuwar ta riga ta watse. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyo mai kaset, ya daina tun 2016, na'urorin naɗin DVD ma manyan shaguna sun daɗe da sauke su daga kanta. Duk abin da za ka samu na hannu ne, mai shekara goma sha wani abu ko ashirin. Saboda haka suna yana da amfani, amma lafiyar wadda ke gabanka ta fi sunan. Cikin waɗanda masu wannan aiki suka daɗe suna yabo akwai Panasonic da Pioneer da Sony. Panasonic DMR-ES10 da DMR-ES15 sun yi suna musamman wajen daidaita hoton tsohon kaset, irin wanda samansa ke lanƙwashewa ko yake rawa. Ni dai da zan zaɓa maka, zan ce ka nemi mai rumbun ajiya a ciki, wadda za ka ga an rubuta HDD a goshinta, mai gigabait 160 ko 250. Amfaninta babba ne: kaset zai wuce sau ɗaya tak zuwa cikin rumbun, ka yanke inda mai kyamara ya manta yana ɗaukar tabarma, ka raba shi gida-gida, sannan ka fitar da faifai ko nawa kake so cikin mintoci, na Hajiya, na Yaya, na ajiya. In faifai ya lalace a hanya ka sa wani, ba sai ka sake wahalar da tsohon kaset ba.

Mai haɗe da kaset da DVD irin taka tana da daɗin aiki, maɓalli ɗaya ne. Matsalarta ita ce ɓangaren kaset ɗin yawanci mai rauni ne, kuma in ɗaya ya mutu ya ja ɗayan. Na fi son bidiyo daban, na'urar naɗi daban, a haɗa su da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Amma in taka ta ci gwajin faifai goma, hoton kuma yana fita tsaf, kada ka ƙara kashe ko riyal ɗaya kan wata. Ka gama aikinka da ita.

In kuwa saye ya kama, ka tafi kasuwa da shirinka: faifai mai kyau guda uku, kaset ɗaya da ba ka damu da shi ba, da haƙurin zaman awa guda. Kada ka yarda da "wallahi shaggal" na mai kaya, wato rantsuwar cewa tana aiki, kada kuma ka yarda da cewa ta kunna fim. Karatu daban, rubutu daban. Idon na'ura yana buƙatar ƙarfi sosai kafin ya ƙona rinin faifai, kuma sau da yawa rubutun ne ke fara mutuwa alhali tana nuna fim ras. Ka sa ta naɗi minti goma a gabanka, ka kulle faifan, ka ɗauka ka sa a wata DVD ɗin a shagon. Ka kasa kunne: ƙarar gurnani ko ƙas-ƙas yayin da faifai ke juyawa alama ce ta robar da ke riƙe shi ta yi datti, wannan mai gyara na share shi cikin ɗan lokaci. Wadda ke daɗewa kafin ta farka ko take kashe kanta, galibi kwandensocin ɓangaren wuta ne suka kumbura, su ma ana sauyawa da araha. Wadda idonta ya mutu kuwa ka bar musu kayansu, samun madadinsa ya fi sayen wata wuya. Kuma kada ka karɓa babu rimot ɗinta na asali. A yawancinsu ba ka isa wajen Finalize ɗin nan sai da shi, ka ga ke nan an koma gidan jiya.

Ka juya bayanta ka karanta takardar wuta. Ka san tsoffin gidajen Makka da Jidda, soket biyu ne a bango, na 110 da na 220, kuma an sha ƙona kaya a haka. Wadda aka rubuta 110 zuwa 240 da 50/60Hz ita ce kwanciyar hankali. Ka kuma tabbatar tana naɗin PAL, tsarin hoton da Najeriya da Sudan ke amfani da shi, kuma shi ne a mafi yawan kyamarorin da aka sayar a nan. Kayan da aka kwaso daga Amurka ko Japan NTSC ne, ba su dace da kaset-kaset ɗinka ba komai kyansu. In wani kaset ya fito maka baƙi da fari, musamman wanda aka naɗa daga talabijin, kada ka ce ya lalace. Saudiyya ta yi zamani da tsarin SECAM, irin wannan kaset sai bidiyon da aka rubuta MESECAM a jikinsa da na'urar naɗin da ke karɓar SECAM. Wani mai shago zai iya kawo maka zancen rijin, wato lambar yankin duniya da ake ɗaure faifai da ita, wai Saudiyya lamba 2 ce Najeriya lamba 5. Haka ne, amma wannan shingen na fina-finan kamfani ne. Faifan da ka naɗa a ɗakinka ba shi da rijin.

Sai faifai. Araha ba ta ado, a nan kam karin maganar ta zauna daram. Ka sayi DVD-R, mai alamar ɗebewa. Shi ne ya fara fitowa, Pioneer ta kawo shi a 1997, mai alamar tarawa sai a 2002, kuma tsoffin na'urori sun fi sabawa da na farkon. Ka guji masu RW a wannan aikin, don na gogewa ne a sake rubutu, ranar da wani jika zai danna abin da bai sani ba shi ke nan. Ka guji mai hawa biyu, mai gigabait 8.5, yana da tsada kuma DVD da yawa na tuntuɓe a inda ake sauya hawa. Mai gigabait 4.7 ya ishe ka. A da, in ana maganar faifan da ba ya ba da kunya, Taiyo Yuden na Japan ake fara kira. Sun daina yi a ƙarshen 2015, fasahar ta koma hannun CMC Magnetics na Taiwan, suna fitar da shi da sunan CMC Pro. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne Verbatim, shi ma CMC ɗin ta saye shi a 2019. Amma ka lura, ba duk Verbatim ne ɗaya ba: ka nemi wanda aka rubuta AZO a kwalinsa, sunan rinin ke nan. Sunan da ke kan kwali sau da yawa ba shi ne na masana'antar da ta yi faifan ba. Kowane faifai yana da lambar masana'anta a cikinsa, manhajar ImgBurn ta kyauta na nuna ta a kwamfuta. Lamba mai farawa da MCC ko TYG alama ce mai kyau, ko da yake masu jabu na kwaikwayon lambar ma, don haka ka saya a babbar maktaba, wato shagon littattafai da kayan ofis, ko shagon da ke ba da fatura, wato rasit, ba a kan tabarmar bakin titi inda rana ta yini tana dukansa ba. Ka fara da ƙaramin kwali. Wasu tsoffin na'urorin ba sa gane faifan da aka rubuta 16x, wato lambar saurin rubutu, sun fi son 8x, gara ka gano haka da faifai goma a kan ka gano da ɗari.

Naɗin awa shida da ka zaɓa shi ne kuskuren da zan ɗan ja maka kunne a kai. Faifan bai ƙara girma ba, hoton aka matse. Kaset dama hotonsa da ƙura-ƙura, in aka matse shi haka sai fuskoki su narke, musamman a wajen biki inda kowa ke motsi. Ka zaɓi SP, awa biyu a faifai. Kaset mai E-180 awa uku ne, ka raba shi faifai biyu, awa ɗaya da rabi kowanne. Ka ga ka jefi tsuntsu biyu: hoto ya yi kyau, kuma rubutu bai kai gefen nan mai rauni ba. Kaset 18 da suka rage maka, har da taran da ka riga ka kwafe, duka ka sake su a haka. In duk cikakku ne, faifai 36 ke nan, aikin awa 54, don kaset ba ya gudu, yadda aka ɗauke shi haka zai wuce. Biyar ɗin da aka zubar kuwa, yadda suka fito a awa shida haka za mu karɓe su mu gode wa Allah. Murya ba ta cika lalacewa da matsi ba, kuma a labarin Baba muryar ce dukiyar.

Kafin ka sa kowane kaset, ka leƙa ta tagarsa. In ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, kada ka sa shi, zai ɓata kan bidiyon ya kuma shafa wa na bayansa. A ware shi sai an samu mai sharewa. Ka ɓalle ɗan harshen roba da ke bayan kowane kaset don kada a yi naɗi a kansa bisa kuskure. Kuma daga yau ko an kwafe kaset sau goma, ba a zubar da shi.

Wani abin da nake so ka riƙe: faifai na kallon Hajiya ne, kada ya zama shi kaɗai ne rumbunku. Rinin nan ba ya shiri da zafi da rana da laima, ga zafin Makka da ke haura digiri 45 a bazara, ga gumin Jidda. Faifan da aka manta a gaban mota yini ɗaya ya isa ya tashi aiki. Ka ajiye su a tsaye cikin gidajensu, a ɗakin da ke da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka yi rubutu da alƙalami mai laushi, kada ka manna takarda a kai. Duk faifan da ka kulle, ka sa a kwamfuta ka kwafe jakar da ake kira VIDEO_TS gaba ɗayanta zuwa rumbun ajiya na waje, a yi guda biyu, ɗaya a gidanka ɗaya a Riyad ko Kano. Daga nan ana iya mayar da su MP4 don 'yan waya. In za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, yana ɗaukar har gigabait 2 ba tare da ya matse hoton ba.

In ka ga aikin ya fi ƙarfin lokacinka, akwai shagunan ɗaukar hoto da ke juya kaset. Sai dai ka tuna abin da ke cikin naka: ɓangaren mata na bukukuwa, iyayenka da yayyenka cikin kwalliya babu lulluɓi. Ka tambaye su kafin ka miƙa wa baƙo, ka nemi wurin da mata ke yin aikin, ka kuma riƙa bayarwa biyu-biyu, kada ka zube duka a hannun mutum ɗaya. Saboda wannan dalilin ne ma, duk ranar da za ka rabu da na'ura mai rumbu, sai ka goge ta tas.

Saura Yaya. Maganarsa ta yi zafi, kuma bai kyauta ba da ya yi ta a gaban kowa. Amma ka dubi inda yake tsaye: yana nesa, ya ba da kuɗinsa, abin da ya ji kawai shi ne Hajiya ta zauna gaban talabijin ba ta ga komai ba, sannan kaset ɗin mahaifinsa ya tafi bola. Baƙin ciki ne ya fito da rigar zargi. Kada ka ba shi amsa a zauren. Ka kira shi, ka gaishe shi yadda ƙani ke gaida wa, ka ce, "Yaya, ga lissafi: 500 na'ura, 50 faifai, 350 na nan a hannuna." Ka faɗi naka kuskuren da bakinka kafin ya faɗa maka, na rashin kullewa da na cewa a zubar. Sannan ka ba shi aiki. Riyad na da Haraj bin Ƙasim da kasuwar Batha, ka tura masa sunayen na'urorin nan ya duba, ko ya ɗauki nauyin rumbun ajiya guda ɗaya ya zama shi ne mai riƙon amanar iyali. Wanda hannunsa ke cikin aiki ba ya samun bakin zargi. In komai ya daidaita, shi da kansa ya kamata ya koma zauren ya gyara abin da ya faɗa, amma kada ka sa wannan ya zama sharaɗi yanzu.

Hajiya kuma kada a bar ta tana jiran duk wannan. Ba ta san Finalize ba, ba ta san AZO ba, mijinta take son gani. Yau da daddare ka ɗauko kaset ɗin walimar sauka, in yana cikin waɗanda suka tsira, ka nemo inda Baba yake addu'a. Ka kashe fitilar ɗaki, ka jingina wayarka a kan matashi daidai talabijin, ka ɗauki minti biyar. Ka tura wa yayarka, ka ce ta bari sai bayan sallar isha, ta zauna kusa da Hajiya ta riƙe mata wayar, ta ƙara murya.